Takardar Wata, Jikin Wata

Aikin nan na gilashi ban taɓa son sa ba, kuma ba zan ce na so shi ba don yau na tsufa. Ni ungozomar asibiti ce. Abin da na iya shi ne karɓar haihuwa, da yanke cibiya, da daka wa mai naƙuda tsawa in ta fara kiran ta mutu ta lalace. A Magariya nake aiki lokacin, ƴan shekaru bayan babban farin da ya cinye shanun mutane, soja na kan mulki. Sai aka aiko mana wata lokotoro, wato likita, Baturiya, doguwa, wuyanta kullum ja saboda rana, wai ta zo neman ciwon dajin bakin mahaifa tun kafin ya nuna kansa. Na ce a raina, ikon Allah, mu da ciwon da ya fito fili ma ya fi ƙarfinmu, ga wata ta zo tonon wanda ke kwance.

Furoti suke ce wa abin. Mace ta hau gado, a buɗe ta da wani ƙarfe mai baki kamar na agwagwa, lokotoro ta sa ɗan katako mai faɗi ta karto bakin mahaifa a hankali, ta shafa abin da ta karto a kan ɗan gilashi da bai wuce tsawon yatsa ba. Ni ina tsaye a gefe, tana miƙo mini in tsoma shi cikin kwalbar alkol, ruwan nan mai ƙauri na asibiti, nan take. In na yi sanyin jiki kaɗan zafin garin nan ya busar da shi, to ya lalace ke nan, mai dubawa ba zai ga abin kirki ba. Kafin mace ta hau gadon, ni ke karɓar takardarta, in karce lamba a gefen gilashi da wani alƙalami mai kaifin baki, in rubuta lambar da sunan matar cikin kaye, wato littafin rajista. Lamba ɗaya, suna ɗaya. Lokotoro ta nanata mini wannan har kunnena ya gaji.

Gilasan muna jera su cikin akwatin katako, motar fosta ta kai su Damagaram, daga can a wuce da su Yamai. A can akwai wani mutum da ban taɓa gani ba har yau, shi ke rina su da launi ya duba su a madubin likita. Amsarsa ba ta da yawan magana, daga ɗaya zuwa biyar ce. Ɗaya da biyu, lafiya. Uku, a sake ɗauka. Huɗu da biyar, a nemo matar duk inda take. Kafin amsa ta dawo sai a yi wata biyu, wata uku, wani lokaci har mun manta mun aika.

Abu ɗaya zan yaba wa lokotoron nan, ba ta cika baki da aikinta. Ita da kanta ta ce mini gilashi yana kuskure ta hanya biyu. Wani lokaci ciwon na nan amma katako bai taɓa wurin ba, ko jini ya rufe abin da aka shafa, sai amsa ta ce lafiya alhali babu lafiya. Wani lokaci kuma ɗan gyambo ne ko kumburi, mai dubawa ya ɗauka mugun abu ne. Shi ya sa in amsa ta zo da muni ba a yanke hukunci sai an gutsiro ɗan nama daga wurin an sake dubawa. Na ce mata, "To lokotoro, abin da ke ƙarya gaba da baya, wahalar me muke sha a kansa?" Ta ce gaskiyarsa ta fi ƙaryarsa yawa nesa ba kusa ba, in an yi shi da kyau. Wannan "in an yi shi da kyau" ɗin, ni take nufi.

Matan gari ba su zo ba, sai ɗaiɗai. Magana ta riga ta zagaya cewa ƙarfen nan na hana haihuwa ne. Da lokotoro ta kai kuka wurin sufurefe, wato shugaban gundumar, sai aka yi abin irin na lokacin: aka kira masu gari, aka rubuta sunayen matan aure a ƴan takardu, aka raba gida-gida, aka ce ranar kasuwar Dungas duk wadda aka ba takarda ta same mu a gidan likita na can. Ba wanda ya ce za a kama wadda ta ƙi. Amma a zamanin nan ba sai an faɗa ba.

Ranar ba zan manta wuyarta ba. Bazara ce, ɗakin kwano, taga ɗaya. Mata sun cika tsakar gida har bakin titi, masu goyo da masu ƙwaryar nono a kai. Tun hantsi muke abu ɗaya. Kafin azahar ƙafafuna sun kumbura, ƙaurin alkol ya hau mini kai, na daina duban fuskar kowa. In karɓi takarda, in karanta suna, in ce, "Ke ce?" Wata ta ce i, wata ta gyaɗa kai, wata ta ja mayafi ta rufe fuska, wata ta sunkuyar da kai kawai. Duk i na ɗauke su. Akwai layin shekaru a cikin kayen, to amma ka tambayi macen ƙauye shekarunta, sai ta fara ba ka labarin shekarar da fara ta ci gero. Daga tsakar rana na bar layin nan ba komai, na ce in mun koma na cike da ka. Ban cike ba.

Damina ta yi nisa amsa ta iso. Yawanci ɗaya da biyu, ƴan uku-uku, sai guda ɗaya tak mai biyar, an ja masa jan layi. Na duba kaye. Matar wani manomi ce a wani ɗan ƙauye bayan Yekuwa. Aka tura gardi, wato ɗan sandan sufurefe, ya zo da ita.

Da ta shigo sai na ji wani iri. Yarinya ce ɗanya shakaf, kumatu cike, shekara guda da aure, ba ta taɓa haihuwa ba. Ba mu gaya mata abin da ake zato ba, don a lokacin ba a gaya wa mara lafiya irin wannan, cewa kawai aka yi lokotoro na son ganinta. Na ce ta hau gado, ta tsaya tana kallon gadon. Na ce, "Haba ƴar nan, kamar yau kika fara? Ranar Dungas ba ki mutu ba, yau ma ba za ki mutu ba. Hau mana, muna da aiki." Sai ta hau.

Lokotoro ta duba, ta sake dubawa, ta shafa wani ruwa baƙi-baƙi da ke tona wurin da ya lalace. Babu. Bakin mahaifa sumul. Ta sake ɗaukar gilashi, ta kuma rubuta takarda aka kai yarinyar Damagaram aka gutsiri nama. Ni na raka ta a mota. Tafiya da dawowa hawaye kawai take zubarwa ba sauti, ni kuwa ina jin haushinta, ina cewa a raina ana neman ceton ranki kina wa mutane kuka.

Sai bayan an yanke gero amsa biyun suka zo, duka lafiya lau. Majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke shugabancin asibitinmu, wanda dama bai taɓa yarda da aikin ba, har da tafa hannu. Ya ce ai ya faɗa, wasan Turawa ne, an wahalar da ƴar mutane a banza. Lokotoro ta ce irin kuskuren da ta gaya mini ne, gilashi ya ga abin da babu. Ta zauna ta rubuta wa mutumin Yamai wasiƙa mai zafi. Ni dai na ce Alhamdu lillahi, yarinya ta tsira, na cire maganar daga raina.

Sanyi ya shigo amsar wasiƙar ta dawo. Lokotoro ta kira ni da Majo cikin biro, wato ofishinta, ta karanta mana. Mutumin ya ce ya ciro gilashin farko ya sake dubawa, ya ba wani abokin aikinsa shi ma ya duba, biyar ne, ba ya janyewa. Sa'an nan ya ƙara da wata magana. Ya ce gilashin farko da na biyu ba na mace ɗaya ba ne. Na biyu na yarinya ce mai jini a jika. Na farko kuwa na macen da ta daɗe da daina ganin wata ne, kowane mai duba gilashi zai gane haka. Ya ce a binciki mai rubuta lamba.

Majo ya juyo ya dube ni. "Madam, kin haɗa lambobi ke nan."

Wallahi sai da na ga duhu-duhu. Na ce, "Majo, ni na haɗa? Ranar nan kana ina? Kana ƙarƙashin itacen bedi kana shan shayi, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Gilashi ɗaya nake riƙewa a hannu, ba biyu ba. In ka ga na haɗa, zo ka nuna mini inda na haɗa." Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Lokotoro ta bari sai da na sauke, sa'an nan ta ce ita ba ta damu da wanda ya yi kuskure ba. Ta ce akwai wata mace tana yawo da wannan abu a jikinta, wata takwas ke nan ba ta sani ba, kuma kowane wata da ya wuce yana rage abin da za a iya yi mata. Ta ce, "Nemo mini ita."

Da me zan nemo ta? Layin da zai nuna mini tsofaffin da suka zo ranar, ni da hannuna na bar shi fayau. Na bi matan da lambarsu ke gaba da bayan waccan, na tarar duk masu goyo ne. Ba abin da ya rage sai in koma wurin yarinyar. Na shiga motar kasuwa zuwa Yekuwa, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa, daga can na hau amalanken shanu. Ƙashin bayana ya yi sati yana tuna mini tafiyar.

Na same ta tana sussuka a bayan gida. Tana ganina ta saki taɓarya. Na ja ta gefe inda ba kowa, na ce mata yau ba da gardi na zo ba, kuma zan gaya mata abin da ba a gaya mata ba. Na ce wadda ta hau gadon nan ranar Dungas tana da ciwon da ke kisa, kuma mun tabbata ba ita ba ce. Na ce, "Ki dubi girman Allah ki gaya mini wa ya hau gadon nan da takardarki."

Ta durƙushe a wurin. "Inna ce, Madam."

Ashe uwarta ce. Mutanen ruga ne, masu noma da kiwo, yarinyar aka aurar cikin gari. Ranar kasuwar uwar ta biyo ta gidan da ƙwaryar nononta, ta tarar da ƴar tana kuka da takarda a hannu, tana tsoron ƙarfen da aka ce yana hana haihuwa. Uwar ta zare takardar daga hannunta ta soke a zane, ta wuce Dungas. A ganinta gwamnati mace ɗaya ta nema daga gidan, ga mace ɗaya. Ita ta gama haihuwa, ƙarfe ba shi da abin da zai hana ta.

Na ce, "To ke da aka zo da ke har Damagaram aka yanki namanki, me ya rufe miki baki?" Ta ce tsoro take kar a ce Inna ta yaudari gwamnati a ɗaure ta. Na ce, "Amma ai na karanta sunan, na tambaye ta ko ita ce." Yarinyar ta ɗago ido ta dube ni kamar ni ce yarinyar. Ta ce, "Madam, ni ce ƴar farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In wani ya ambata a gabanta, kai take sunkuyarwa."

Na san wannan kunya ta ɗan fari, a cikinta na tashi, uwata ma haka ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. Matar ba ta yi mini ƙarya ba ko da kalma ɗaya. Na kira sunan ƴarta ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, ni kuma na rubuta lamba. Abin ya dame ni ƙwarai, har yau yana damuna, don da na ɗaga ido na dube ta sau ɗaya da na ga furfura.

Na tambayi inda take. Ta ce tun da aka kwashe amfanin gona suka bi shanu kudu, sun tsallaka Nijeriya, ba sa dawowa sai ruwan farko. Wane daji suke, ba ta sani ba, su ma ba sa kwana goma wuri ɗaya. Gardi ba ya tsallaka iyaka. Na koma ina bin kasuwar Mallawa, ta kusa da iyaka, ranar da take ci, ina tare dillalan shanu da masu tallan nono, ina ba su saƙo: in kun ga mutanen ruga kaza, ku ce tsohuwar ta zo likita na nemanta, ba kamu ba ne. Kowa ya ce to. Na je sau nawa ban ƙirga ba, har dillalan suka fara tsokanata wai ko saniya nake son saye ba na iya faɗa. Sanyi ya wuce, bazara ta zo ta gasa mu, ba labari. Lokotoro ta daina tambayata da baki, in na dawo sai ta dube ni, in girgiza kai. Na gaji da hanya, na gaji da mota, na gaji da kaina.

Kwana uku da yin ruwan shuka wata mai nono ta zo har asibiti ta ce sun dawo, suna arewa da Mallawa. Lokotoro ta ba ni motar aiki da direba, ta ce in zo da ita ko a wane hali take, za ta aika da ita Yamai inda ake yin aikin. Mota ta kai mu inda yashi ya hana ta, na ƙarasa da ƙafa.

Ba sai an nuna mini ita ba. Tana zaune ita kaɗai a kan tabarma, nesa da bukkoki, ta ɓangaren da iska ke tafiya, tana ɗinke wata fasasshiyar ƙwarya. Tun kafin in gama sallama hancina ya gaya mini abin da gilashi ya faɗa shekara guda da ta wuce. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma ɗankwalinta a ɗaure tsaf. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi gajiyar hanya, ta sa aka kawo mini nono. Na ce, "Inna, kin gane ni?" Ta ce, "Ke ce mai kwalba."

Na gaya mata komai dalla-dalla, ban ɓoye ba. Ta ce i, jini ya dawo mata tun cikin sanyi bayan shekaru da ɗaukewarsa, yanzu kuma ga ruwa, ga ciwon baya da ke hana ta tsayuwa wurin tatsa. Ta sha saiwa iri-iri. Na ce mota na can tana jira, ta tashi mu tafi, akwai likitocin da za su iya cire abin. A raina na san wataƙila lokacin cirewa ya wuce, amma ban faɗa ba.

Ta ci gaba da ɗinkinta. Can ta ce, "Waccan ta cikin gari, kun duba ta?"

Na ce, "Sau biyu, Inna. Har nama aka yanka aka duba. Lafiyarta lau."

"Madalla." Ta ja zare ta cije shi. "Takardar da na kai miki, sunan wa ke kai?"

Na ce nata ne, na yarinyar.

"To. Ciwon nan ita aka rubuta wa. Ni na je na tare shi. In kun cire shi daga jikina, ina zai nufa?"

Na ce, "Subhanallahi, Inna, ba haka abin yake ba. Ciwo ba ya karatu. Yana jikinki tun kafin a rubuta takarda, gilashi ganin sa kawai ya yi." Ta ce ita dai kafin ranar nan ba ta jin komai, ko ciwon kai. Na ce ai haka ciwon yake, yana daɗewa a kwance ba a ji. Na kawo misali, na sake kawo wani, na rantse mata da Allah. Tana saurare da ladabi, tana cewa haka ne, haka ne, irin haka nen da ake wa mai tallan abin da ba za a saya ba. Daga nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya a kan matar da ta isa ta haife ni. Na ce wata shida ina yawo kasuwa-kasuwa saboda ita, na ce kashe kanta take yi a banza, na ce in ta mutu ƴar tata ce za ta fi kowa shan wuya. Mijinta ya taso daga wurin shanu ya tsaya nesa kaɗan, ya ce shi bai hana ba, in ta yarda a tafi da ita.

Ta bari na yi shiru. Sa'an nan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce mini tana da ciki."

Na ce haka ne, wata bakwai.

"To ƴar nan, ki yi haƙuri da ni. Ku bar shi nan inda yake har ta sauka. In ta sauka lafiya, zan zo da ƙafata, ku yi yadda kuke so."

Na zauna a wurin har rana ta karkata, ban samu wata magana daga bakinta ba sai godiya. Na koma mota ni kaɗai. Da na gaya wa lokotoro, ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido.

Yarinyar ta haihu lokacin da gero ya fara fid da kai, namiji, ita da shi lafiya. Da labari ya isa ruga, an ce tsohuwar ta sa aka yi mata wanka, aka ɗaura mata zanenta mai kyau, ta ce to yanzu a kai ta wurin mai kwalba, ta yi mata alkawari. Aka shimfiɗa tabarma a amalanke aka ɗora ta. Ba su kai ko Dungas da ita ba, ta cika a hanya.